Bawa Mai Haƙa wa Masu Rai

Bawa taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da hurumi, ko da ya haɗa da zagi. Ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Buza, can gefen Tabotaki, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Ni Mato, Musulmi ne, ɗan kabu-kabu. Shi Kirista ne, kuma a kan haka ya mutu. Na fi shekara ashirin ina goya shi a bayan babur, har na san warin zufarsa fiye da na esansi, man babur ɗin.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga i'ina. Kafin ya gama yi maka sallama ka shanye furarka. Amma in ya riƙe dagi, ƙarfen nan mai tsini da ake fasa ƙasa da shi, sai ka manta da bakinsa. A aikin furoje na Keita ya koyi haƙa, lokacin da ake tara mutane suna jera duwatsu da fasa fako don a raya ƙasa. Daga nan ya shiga haƙar rijiya. Wata shekara ya tafi cirani Jos. Kowa na dawowa da rediyo da atamfa, shi kuwa sarkin dabara ya dawo mana da addini.

Ba wanda ya doke shi. Ina faɗar haka ne don baƙi suna zaton duka ake yi. Abin da aka yi masa ya fi duka sanyi, ya kuma fi shi daɗewa. Surukansa suka zo suka tafi da ɗiyarsu. Aka ware masa ƙwaryar shan ruwa. Da aka zo rabon gonar ubansu, wansa Jima ya ce babu gado tsakanin addini biyu, aka raba ba da shi ba. Sannan aka gaya masa maganar da ake gaya wa duk wanda ya bi wannan hanya: ranar da ka mutu, ka nemi mai haƙa maka.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A wurinmu ba a biyan mai haƙa kabari. Da an ji rasuwa kowa zai ajiye hauyarsa ya nufi maƙabarta, har wanda ba ku ga maciji da shi. Shi ne haƙƙi na ƙarshe da mutum yake da shi a kan garinsu, kuma ɓarawo ma yana samu. Bawa ya rasa wannan. Maƙabarta ta Musulmi ce, gona kuma ba shi da ko taki ɗaya. Tun daga ranar nake tambayar kaina inda za a sa shi, tambayar kuma ba ta bar ni ba har ƙarshe.

Ire-irensa a ƙasar nan ba su da yawa, kuma a warwatse suke. Ɗaya a wannan ƙauye, biyu a wancan, tun daga Azarori da Sabon Gida har tsaunukan Keita. Fasto ɗaya ne a Madawa, da wani tsohon babur da ya fi yawan kwana wurin bakanike. Bawa ya ɗauki ziyarar mutanen nan a kansa, wai zumunta a ƙafa take, sai dai ƙafar tawa ce ta babur. Ya je ya zauna, ya yi ta fama da harshensa, su yi addu'a, mu dawo. Ni kuma in zauna ƙarƙashin itace ina jiransu, ina tsokanarsa cewa Allah ma sai Ya yi haƙuri kafin ya kai amin.

Abin da ya canza shi mutuwar Yaro ce. Yaro wani mai bi ne, wato Kirista irinsa, a wani ƙauye kusa da Azarori, ya rasu cikin bazara, saƙo bai iso mu ba sai washegari. Da muka isa rana ta take. Matarsa da ɗiyarsa sun kwana sun wuni suna kartar fako da hauya, ramin bai kai gwiwa ba, tafin hannunsu duk ya saɓule. Mutanen gari suna zaune a inuwa. Wasu na kallo, wasu sun sunkuyar da kai, na kuma san a cikinsu akwai waɗanda zuciyarsu ke so su tashi amma ba mai son ya zama na farko. Bawa ya tuɓe riga ya kama dagi. Ƙarfe na dukan marmara yana tartsatsin wuta. Gawar tana cikin ɗaki, amma warinta ya riga ya fito tsakar gida. Ni ma na kama felu ina kwashe ƙasa, don ba zan iya zama ina shaƙa ina kallo ba. Sai bayan la'asar muka sa shi, kuma da ƙyar ya shiga saboda kumburi.

Kafin damina ta faɗi, matar Yaro ta koma Musulunci, wasu ma da suka ji labari suka bi ta. Ni a matsayina na Musulmi ya kamata in yi murna, amma ban yi ba, don na san abin da ya kore su, kuma ba wa'azi ba ne. Bawa bai zagi kowa ba. Ya ce mini shi ma da ya ga abin da ta gani da idon mace mai ɗiya, bai san me zai yi ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Da ruwa ya zauna, ƙasa ta sha, sai ya zo mini da dagi da diga da felu ɗaure da igiya, ya ce mu tafi. Na tambaye shi wa ya mutu. Ya ce ba kowa, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Dabararsa ita ce: ya je wurin mai bi, su zaɓi kusurwa a gonar mutumin, ya haƙa masa kabari tun yana raye, a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, yana zuba ruwa marmara na jiƙa. In ya kai zurfin da ake so, sai ya ɗauko yashi mai laushi daga korama a kan jaki ya cike ramin taf, ya jera duwatsu a kewaye. Itacen rufi kuma ya sare ya jingine a bayan rumbu. Ranar da mutuwa ta zo, ko mace ɗaya da ƙwarya za ta iya buɗe shi kafin rana ta yi zafi.

Na ce masa lallai Mala'ikan mutuwa ya samu ɗan kwangila. Mutane kuwa ba da wasa suka ɗauka ba. Haƙa wa mai rai kabari a wurinmu kiran mutuwa ne. Aka riƙa kauce masa a hanya, mata na janye ƴaƴansu in ya wuce. A cikin masu bin ma akwai waɗanda suka ce ya yi musu nisa da ƙarfensa. Fasto da kansa ya kira shi ya ce bangaskiya ba ta tsayawa a kan rami. Bawa ya ce masa shi bai iya wa'azi ba, fasto ya sani, kuma mutanen nan ba lahira ce ke hana su barci ba, tsoron karnuka su ci gawarsu ne. Daga baya fasto ya saya masa sabuwar diga.

Na ga yadda yake gama aikin sau da yawa. Ba ya doguwar magana, ko da yana so bakin ba zai bari ba. Zai kama hannun mutumin ya tura shi cikin yashin har wuyan hannu, sannan ya ce:

"Ga wurinka. Ko ɗiyarka ta iya buɗe shi. Wanga ni na ɗauke maka. Saura ka riƙe Yesu, shi kau ba ni iya riƙe maka."

Na ga dattawa suna kuka a bakin ramin nan, ba kukan baƙin ciki ba. Na ga wani da ya shekara bai yarda an gan shi da Bawa ba, ranar ya rako mu har bakin kasuwa yana riƙe da hannunsa. Ban shiga addininsu ba, ba ni kuma da niyya, amma ƙarya nake in na ce abin bai taɓa ni ba.

A cikinsu duka ba wadda ta kai Laraba tsoro. Tsohuwa ce doguwa, siririya, a wata tunga da ke bayan ƙauyenmu, ba nisa. Mijinta ne ya fara bi, ta bi shi, ya je cirani ya mutu can. Ƴaƴanta maza suna Libiya, ba a jin ɗuriyarsu. Gonarta tata ce ta kanta, cikin fakon da ta yi wa dakon duwatsu zamanin furoje aka yanka mata. Danginta ba su gajiya da tuna mata cewa ranar da ta mutu igiya za a sa mata a ƙafa a ja ta korama. Ba za su yi ba, na san su, baki ne kawai. Amma ita ta yarda, kuma bayan mutuwar Yaro ta gaya wa Bawa ƙiri-ƙiri cewa ta kusa sakin hanya, don ba ta iya jure tunanin kare a kan fuskarta.

Nata ne na biyu da ya haƙa. Tun daga ranar Laraba ta zama wata iri. Kowace safiya sai ta je da sandarta ta caka cikin yashin ta ji ya shige, sannan ta koma ta kama surfe. In yashin ya fara danƙarewa bayan ƴan shekaru, sai ta aiko a gaya wa Bawa, ya zo ya kwashe ya sa sabo. Ina ce mata, "Inna, wannan gado naki ya fi na amarya samun gyara." Sai ta ɗaga sanda ta ce in ɓace mata da gani. Da ramin take amsa wa danginta in sun fara: ta nuna musu kusurwar gona da haɓa ta ci gaba da aikinta.

To, shi mai haƙar fa? Nan ne nake jin haushinsa har yau. Na ce ya koma Madawa, inda mutanensu ke da majami'a da wurin binne nasu. Ya ce in ya tafi, na ƙauye za su ce Bawa ma ya gudu. Na je wurin liman, mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce yana tausayinsa amma maƙabarta ba tasa ba ce da zai yi kyauta da ita. Na je wurin Jima. Ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ya ba ƙanensa ko kamu ɗaya na gonar ubansu to ya sa hannu a abin da ya yi. Yana faɗa idonsa na kawo ruwa, amma bai janye ba. Ni kuwa ubana baƙo ne a garin, gonar aro nake nomawa, kuma gonar aro ko itace ba a dasawa a cikinta balle gawa.

Laraba ce ta ce ya zaɓi ɗaya kusurwar gonarta. Ya yi godiya, ya ce baɗi. Baɗi ta zo, aka ce akwai wani tsoho can wajen Sabon Gida da ƙafarsa ta kumbura, ya ce wannan ya fi gaggawa. Wata baɗin kuma wata mata ce a tsaunukan Keita. Damina a ƙasarmu gajeruwa ce, kafin ka juya ta wuce, ƙasa ta koma ƙarfe. Haka ya yi ta yi. In na matsa masa sai ya yi dariya ya ce ai ni zan riga shi, da irin tuƙin da nake yi. Ya kusa yin gaskiya, don wata shekara na faɗi a kan duwatsu na karya ƙugu, tun daga nan ƙafata ta hagu ja nake yi.

Ƙurar rijiyoyi da ta marmara ba ta tafi ko'ina ba, tana cikin ƙirjinsa tana jira. Tari ya fara, aka ce sanyi ne. Ya rame har rigarsa ta zama kamar ta aro. Na kai shi likita, suka ba shi ƙwayoyi suka ce ya bar haƙa. A daminar da ta biyo baya ne ya yarda a ƙarshe ya fara nasa. Na kai shi gonar Laraba, ya auna da ƙafa, ya ja layi, ya kama dagi. Bai kai zurfin kamu ɗaya ba ya durƙusa yana tari, na ga jini a kan ƙasa. Muka jira ya huta, ya sake gwadawa, ya sake durƙusawa. Ya ce bari ya ƙara ƙarfi, in ruwan baɗi ya sauka zai ƙarasa.

Rani ya wuce yana kwance a ɗakin da na ba shi a gidana. Masu bi na zuwa ɗaya-ɗaya daga nesa, wasu a ƙafa. Su suka zo gaishe shi, amma shi ke tambayar kowa ko yashinsa bai danƙare ba, ko gara ba ta ci itacen rufi ba. Wani ya ce za su haɗu su zo su ƙarasa masa nasa da damina. Tsofaffi ne duka da mata, na dube su na dubi hannuwansu. Bazara ta zo da zafin da ko jaki ba ya son fita. Kullum sai ya sa in buɗe masa ƙofa ya dubi gabas.

Ruwan farko ya sauka a kan tsaunuka da yamma, mai ƙarfi, mu kuma muka samu yayyafi. Bawa ya ji ƙamshin ƙasa ya ce in duba masa dagi ko ya yi tsatsa. Da safe na kai masa kunu na tarar ya cika.

Na kira fasto a waya. Ya taso da mutum biyu, amma ruwan tsaunin ya riga ya sauko korama, ta cika ta batse ta yanke hanya. Suka tsaya a wancan gefe, mu a wannan. Kowa ya san koramar nan, in ta yi haka sai ta ga dama take sauka. Yayyafin da muka samu kuwa ko ƙura bai gama kashewa ba, kuma tun hantsi zafi ya dawo kamar ba a yi ba. Na tuna Yaro.

Na ɗaura wa jaki amalanke. Ina fama in ɗaga gawar ni kaɗai sai ga Jima ya shigo. Ya ajiye farin ƙyalle sabo, ya kama wajen kai, muka naɗe shi muka ɗora. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallonmu har muka sha kwana, bai biyo ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

A gonar Laraba na ajiye amalanken ƙarƙashin wata aduwa, na shiga ɗan ramin da ya fara. Na ɗaga dagi na buga, ya yi tsalle ya dawo mini, kafaɗata ta amsa. Na sake, na sake. Abin da nake fasawa bai fi cikin tafi ba. Ƙuguna ya riƙe, gumi na shiga mini ido, ƙudaje sun fara taruwa a kan farin ƙyallen. Mutanen tunga sun fito sun tsaya daga nesa. Ina bugu ina zaginsa a fili, ina ce masa wawa, mai taurin kai, ga baɗin taka nan ta zo. Ina zagi ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba.

Laraba tana tsaye da sandarta tun da muka iso. Da rana ta kai tsaka sai ta juya ta nufi bukkarta. Na zaci ta kasa kallo ne. Sai ga ta ta dawo da ƙwarya, ta wuce ni, ta nufi ɗaya kusurwar, ta durƙusa ta fara janye duwatsun da ke kewaye da nata ramin.

Na ja ƙafa na je na tsaya a kanta. "Inna, wanga naki ne."

"Na sani."

"In kin ba shi, ba mai yi miki wani. Kin ga dai ni ban iyawa. Mai yi ɗin shi na kwance can."

Ta zuba ƙwaryar farko gefe, ta dube ni. Ta ce, "Don kar in ji tsoro yay yi man shi, Mato. Shekaru nawa ina kwana lahiya saboda shi. In na bar shi ga rana ina tsaron rami, to mi ar riƙon da yac ce in yi?"

Na durƙusa kusa da ita da felu. Yashin ya buɗe kamar yadda ya sha faɗa, ba gardama, tsohuwa da gurgu suka gama kafin azahar ta wuce. Ga bangon ramin a miƙe sumul, da sawun daginsa a jiki. Itacen rufi na bayan rumbu, gara ba ta taɓa shi ba. Da tsawonta ya auna, shi kuwa gajere, sai ya kwanta da sauran wuri wajen ƙafa. Na kira fasto na ɗaga wayar sama, ya yi addu'arsu daga wancan gefen korama, ƙarar ruwa na cinye rabin maganar. Laraba ta ce amin, muka rufe.

Da muka gama na tambaye ta abin da za mu yi ranar tata. Ta ce ba ta sani ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta kakkaɓe.

Na yi cigiya har Madawa ko akwai mai karɓar aikin Bawa, ba a samu ba tukuna. Na koma ɗan ramin nan da damina na gwada, ƙuguna ya kwantar da ni mako guda. Dangin Laraba sun ga abin da ya faru, sun kuma koma yi mata maganar igiya da korama. Laraba tana nan da rai, idonta ya fara dushewa. Ba ta da rami, ba ta da mai haƙa, kuma ranar Lahadi in ka bi ta bayan tungar za ka ji ta cikin bukka tana waƙar addininsu ita kaɗai.